Ranar da Motar Gwangwani Ta Shigo Tsafe

Na baza motocin karan da nake haɗa wa yara a kasuwar Tsafe, tun kafin 'yancin kai, sai ga wani ɗan tireda daga Gusau da motocin gwangwani masu tafiya da kansu. Yara suka watse suka bar ni. Na kasa zama, sai kai-komo nake.

Na ce wa yayana, "Yaya, sana'ata ta mutu."

Ya ce, "In motar gwangwanin ta lalace, wa ka gyarawa?"

Na koyi gyaransu, har Bungudu ana nemana. Da gyaran na yi aure. Amma ban sake taɓa kara ba, kuma har yau abin yana cina.

Jama'a, dabara na yi ko gudu?