Rabi Ulu, Rabi Abawa

Ranar wata Talata ce, cikin sanyin shekarar da na shiga aji huɗu, kasuwar Mafara ta cika ta batse, na tsaya a gaban rumfar Malam Ɗanjuma mai gyaran keke ina murza gefen ɗankwalina. Da ƙyar na buɗe baki na ce masa wayar ƙafar keke nake so, guda huɗu, ko da tsofaffi ne. Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Ke ma saƙar ta kama ki?" Ya tona tarkacen da ke bayansa ya zaro huɗu masu tsatsa, ya daidaita su da guduma, ya miƙo mini. Ban ma gama godiya ba na zura a guje ta tsakanin jakuna da tifofin aikin dam. Ina isa gida na durƙusa a bakin dutsen wasa wuƙa, na yi ta goga su har suka yi tsini suna ƙyalli. Innata na ta kira in zo in tankaɗe gari, ni kuwa kunnena ya toshe.

A shekarun nan aikin dam ɗin, wato madatsar ruwa ta Bakolori, ya kwaso mana baƙi daga ko'ina, kusan kowane gida an ba da hayar ɗaki. Mu namu rabon shi ne Maman Ladi, mutuniyar wajen Jos, wadda mijinta ke tuƙa tifa. Da yamma takan zauna a ƙofar ɗakinta da tsinkayen ƙarfe huɗu da dunƙulen ulu, yatsunta na rawa, bakinta na hira, ba ta ko duban hannunta, sai ka ga safa na tsirowa kamar kabewa. Kafin wani lokaci saƙa ta mamaye 'yan matan unguwarmu. A makaranta muka watsar da 'yar gala-gala da carafke, ana buga ƙararrawar tara sai gindin tsamiya, kowa da tsinken tsintsiyarta yana karyewa tana sake wani. Yawancinmu hular jarirai muke yi. Safa kuwa ita ce sarauniya, saboda dunduniya, wurin da saƙa ke yin kwana, kuma nan kowa ke faɗuwa. Maman Ladi takan ce, "Saƙa ba ta riƙe sirri. Kika tsallake ido ɗaya yau, gobe za ta tona miki asiri."

Ni tun farko na san wanda nake yi wa. Babanmu ya sami fili a cikin noman rani, yana shuka alkama da tumatir, kuma ban ruwa da sassafe ake yinsa, cikin ruwan da ke yanka ƙafa kamar reza. Faso ya tsattsage masa dunduniya, takalmin roba na ƙara gurje wurin, kullum ya dawo sai Inna ta narka man kaɗe ta cusa masa yana cije leɓe. Na auna takalminsa da kara a ɓoye. Na roƙi tsohuwar suwaitar yayana, ja wur, wadda ta yi masa kaɗan, na warware ta, na naɗe zaren a ƙafafun kujera, na jiƙa shi don ya saki lanƙwasarsa. Daga nan ban sake zama hannu rabbana ba. Ina iza wuta ina saƙa, ina kan rumfar korar tsuntsaye a gonar alkama, igiyar gwangwanaye ɗaure a babban yatsan ƙafata, ina ja ina saƙa. Dunduniya ta wahalar da ni, na warware ta har ulun ya fara yin gashi. Ranar da ta yi kwana daidai, na zura safar a hannu na zagaye tsakar gida a guje, kaji na watsewa, Maman Ladi na tafa mini.

Mutum ɗaya ne bai tafa ba, wato Kaka Hure, mahaifiyar Baba. Daga wani ƙauye ta wajen Maradun aka ɗauko ta, bayan ruwan dam ya shanye gidajensu da gonakinsu. A can, an ce, babu macen da ta kai ta kaɗi, masaƙa har layi suke yi a ƙofarta, audugar ma daga gonarta take fitowa. Tun da ta zo gidanmu ba ta taɓa mazari ba. Tana zaune a ƙofar ɗaki da carbi, abinci kaɗan, magana kaɗan, in an tambaye ta lafiya ta ce, "Lahiya lau," ta mai da kai. Amma na sha kama ta tana satar kallon hannuna.

Safa ta biyu ta wuce dunduniya ke nan ulu ya ƙare. Na juya dunƙulen, babu. Maman Ladi ta tafi garinsu Kirsimeti, mai kawo ulu daga Gusau bai zo kasuwa ba, ƙawayena kowa na tattalin nata guntun. Na gwada zaren tela, ya yi siriri. Na gwada zaren buhu, ya yi kaushi kamar ƙaya. A safiyar nan kuma na ga jini a cikin takalmin Baba. Na koma bayan rumbu na zauna ina kuka, safa ɗaya da rabi a cinyata.

"Ke Balki, taho nan," in ji Kaka. "Mi as same ki?"

Na miƙa mata. Ta ja bakin ulun, ta murza shi tsakanin yatsu, ta warware shi ta duba yadda aka murɗa. "Wagga ai abawa ta, rini kawai ta sha," ta ce. Abawa ita ce zare mai kauri da ake kaɗawa da hannu. "Shiga ki ɗauko min matashina, da wuƙa."

Ta farke ɗinkin matashin, auduga ta ɓullo, a danne, ta yi fari-fari kamar tuwon shinkafa. Inna ta saki muciya ta matso, ta ce, "Goggo, matashin naki?" Kaka ba ta ɗago ba. "Ita ta ta ƙarshe da munka tsinka, ruwa na bisa hanya. Na gaji da kwana bisa gare ta. Bari ta koma gona."

Abin da na gani a ranar har yau yana idona. Ta sa aka ciro mata ɗan bakan shiɓar auduga da mazari daga ƙasan adudu. Ta yi ta kaɗa tsirkiyar bakan a cikin audugar har ta tashi ta yi laushi kamar kumfa, tana sauka a kan girarmu. Ta shafa alli a yatsu, ta murza mazarin, ya ɗauki wani siririn kuka, zare ya fara fitowa daga hannunta na hagu, mai kauri daidai da uluna, ba ƙari ba ragi. Matan maƙwabta suka leƙo ta katanga, wasu suka zagayo da tabarminsu. Tana kaɗi ina saƙa, muka shiga tsere. In na kusa cinye abin da ta kaɗa sai ta ce, "Yarinyag ga za ta kashe ni," ta ƙara wa mazarin wuta. Kuma sai ga baki ya buɗe. Ta ba mu labarin gonar, da tsamiyar da ke tsakiyarta, da yadda Baba yana yaro ya taɓa yin barci a cikin tulin auduga aka yi ta nemansa har bakin gulbi. Ranar na fara jin dariyarta, ashe irin ta Baba ce.

Da na gama, safa ɗaya ja ce tun daga sama har ƙasa, ɗayar kuwa ja zuwa dunduniya, daga nan fara har yatsu. Na kai wa Baba bayan la'asar. Ya zura su, ya miƙe, ya taka zuwa bakin rijiya ya dawo kamar mai gwada sabon doki, yana dariya yana cewa ƙafarsa ɗaya ta yi furfura. Sai Inna ta gaya masa inda farin ya fito. Dariyar ta tsaya. Ya zauna a kan turmi, ya ɗora ƙafar a gwiwa, ya daɗe yana shafa wurin da tafin hannu. Can ya ce, "Allah shi yi muku albarka, ku biyun," ya tashi ya shige zaure.

Da su ya ƙarasa ban ruwan shekarar. Abokansa na bakin kwalbati suka yi ta tsokanarsa, bai fasa sawa ba, kuma fason ya kame. Ƙawayena da suka ji labari suka fara kawo wa Kaka auduga a bakin zane, ta zama mai ba mu zare, ƙofar ɗakinta ta zama makarantarmu ta yamma. Ba ta sake mai da mazarin cikin adudu ba har ƙarfinta ya ƙare.

Yanzu safa tuli take a kasuwa, kowace da 'yar'uwarta iri ɗaya sak, ta huje a yar a sayi wata. Ni dai har yau ina saƙa, da tsinkaye masu santsi na kanti, jikokina na tambayata me ya sa nake wahalar da idona. Nakan ce musu daɗi nake ji, kuma gaskiya ne. Sai dai in na je Mafara nakan bi lungunanmu da yamma ina kasa kunne ta katanga, ko zan ji kukan mazari a wani gida. Har yanzu ban ji ba, ban kuma daina saurare ba.