Wayar da Na Binne a Gidan Malam Dauda

Ni ɗan Sabon Gari ne, a Maraɗi. Kafin in lalace gyaran wuta nake yi, kuma ana yabon hannuna. Da guntun waya abin ya fara: in na gama aiki a gidan mutum, sai in naɗe ragowar in jefa a jakata. Ba wanda ya taɓa tambaya. Daga nan na koma musanya kayan mutane da masu araha.

A shekarar farin nan, zamanin mulkin soja, Malam Dauda ya neme ni. Kafinta ne, Kirista ɗan Tibiri, yana zaune a unguwar Zariya, nan cikin Maraɗi. Gonarsa ba ta ba shi ko dami ɗaya ba, sai ya sayar da shanunsa ya sayi injin yankan katako, ya gina shago a bayan gida. Yana so in ja masa kuran, wato wutar lantarki, daga cikin gida zuwa shagon.

Da kansa ya sayo waya mai kauri, ya miƙa mini ya ce, "Ƙanena, ni ban san kan wuta ba. Na bar maka amana."

Na haƙa rami na binne siririyar waya, alhali na san ba za ta ɗauki injin ba. Tasa kuwa na sayar wa wani mai lambu a Jiratawa.

Wata rana da azahar wayar ta yi zafi daidai inda ta shiga shagon, garin katako ya kama. Inji, katako, ƙofofin mutane, duk suka ƙone. Ƴan sanda suka tone ramin, aka kai ni kaso, wato gidan yari.

Matata ta koma gidansu. Abokan shan shayina ko leƙowa ba su yi ba. Mutum ɗaya ya zo ganina, Malam Dauda, da ƙullin ƙuliƙuli a hannu.

Ya ce, "Da ka faɗa mini yunwa ke damunka, ai da mun raba abin da ke akwai."

Ba yunwa ba ce, kwaɗayi ne. Na sunkuyar da kai har ya tafi.

Da aka sake ni, gidansa na fara nufa. Na tarar da wasu a ciki. Suka ce ya kwashe iyalinsa ya yi kudu neman abinci. Na je Tibiri, ba wanda ya san inda ya sauka.

Na tuba ga Allah, amma hakkin Malam Dauda yana nan a wuyana. Samari, duk wanda ya ce muku bai san kan abu ba, ya bar muku, ku ji tsoron wannan maganar. Ni na tsufa ina neman mutum ɗaya in ce masa ya yafe mini.