Ranar da Kekunan Madam Suka Tafi da Rawa

A duk shekarun da na yi ina riƙe da makullin ɗakin kaya na bankinmu a Garwa, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da muka kai kekunan ɗinki Pitowa. Ranar mata ce, takwas ga Maris, shekara biyu bayan an karya darajar kuɗinmu na sefa. Ku da kuka zo aiki a zamanin kwamfuta kuna jin tsofaffi suna kirana Garba mai keke, to ga inda sunan ya samo asali.

Muƙamina a lokacin magaziniye, wato mai ajiyar kaya. Kuɗi ba su shafe ni ba. Nawa kujeru ne da fankoki da takardu da injin buga rubutu. Dokar ɗakin guda ɗaya ce: ko tsintsiya ba ta fita sai da bon, wato takardar fitar da kaya. Bon kuwa iri biyu ne. Fari na kayan da suka tafi ke nan, rawaya na kayan da za su je su dawo, kamar kujerun da ake ara don taro. Babba yakan sa hannu a sama cewa ya ba da izini, ni in sa a ƙasa cewa na fitar kuma ni zan dawo da su. In kaya suka ƙi dawowa, mai hannun ƙasa ake nema.

Mataimakiyar direktanmu ita ce Madam Jenabu, matar wani depite, wato ɗan majalisa, da kowa ke kira Onorabul. Zan faɗi gaskiya a kanta, aikin banki ta iya shi. Takarda mai shafi ashirin za ta duba a tsaye, ta ɗora yatsa daidai layin da aka yi kuskure. Manyan alhazan da ke shigo da kaya daga Mubi da Yola sukan shiga ofishinta suna baza riga, su fito suna share zufa. Sai dai banki ɓangare ɗaya ne na rayuwarta. Tana da ƙungiyar taimakon matan da mazansu suka rasu, ita ce shugaba, ita ce sakatariya, ita ce mai magana da 'yan jarida. Sannan tana waƙa. Ta yi kaset biyu, Fulatanci da Faransanci da Hausa a gauraye, kuma duk ma'aikacin da ke son hutunsa na shekara ya fito a kan lokaci ya mallaki duka biyun. Muryarta ba ta da laifi, tsawon waƙoƙin ne matsala. Da safe mukan leƙa mu ga shigar da ta yi don mu san wadda ta zo. In kwat ne, ranar aiki ce. In farin mayafi ne, ƙungiya ce. In kuwa baƙin tabarau ne da kwalbar ruwan zuma a hannu, to ranar ba a kai mata fayil, kuma za a kashe na'urar sanyi a dukan bene don kada maƙogwaronta ya kama, mu kuwa mu dahu.

Wata ƙungiyar Turawa ce ta aiko mata da kekunan ɗinki goma sha biyu, irin na ƙafa, baƙaƙe masu zanen ruwan zinariya. Ƙungiyar Madam ba ta da ofis in ban da jakarta, don haka aka ce a ajiye su a ɗakina, aka shigar da su littafina kamar sauran kayan banki. A lokacin Onorabul yana hangen kujerar minista, yana so a ji sunan gidansa a duk faɗin Arewa. Yana da wani mutum, Alhaji Sali, wanda ba wanda ya san sunan aikinsa, amma kullum shi ne a gaban mota. Shi ya zo mini da bon na farko, Madam ta riga ta sa hannu. Da na ga rawaya ne, na ce masa ai kyauta fari ake rubuta mata. Ya ce mini Arewa tana da faɗi, kekuna kuwa goma sha biyu ne kawai, sai a bi a hankali.

Haka muka kai su Dougoï a Marwa, unguwar da aka haifi Madam. Aka jera kekuna, aka zaunar da mata goma sha biyu, aka yi jawabi, Madam ta yi waƙa, aka ɗauki hoto. Da manya suka tafi cin abinci, sai aka tura ni in gaya wa matan cewa za a mayar da kekunan Garwa makaniki ya sa musu mai ya daidaita su, nan da mako biyu za a kawo. Da bakina na faɗa. Matan suka yi godiya, har wasu suka taya mu ɗorawa a kamiyo, babbar motar kaya. Bayan wata biyu muka maimaita a Mayo-Oulo, inda wata ta ba ni ƙullin gyaɗa saboda wahalar da nake sha a kansu. Na karɓa, kuma na ci.

Zuwa lokacin na ƙware. Keken ƙafa gida biyu ne, akwai kai, akwai teburin mai ƙafafun ƙarfe, kusoshi biyu ke haɗa su. Don kwashewa ta yi sauri, sai na daina ɗaure kusoshin, na daina sa igiya. A ɗora kai kawai a kan teburi, a hoto ba mai ganewa. Alhaji Sali har yaba mini ya yi a kan wannan dabara.

A Pitowa an yi shiri sosai. An kafa rumfuna a fili kusa da inda ake tara auduga, sufurefe mai mulkin gundumar ya zo, lamiɗo ya aiko wakili, ga mai kyamarar talabijin da aka ɗauko musamman. Zafin Maris kuwa kun san shi. Mata goma sha biyu suka zauna a bayan kekuna, duk cikin atamfar ranar mata. Na lura kowace tana riƙe da gammo a cinya, amma na ɗauka daga kasuwa suke. Shugabarsu wata dattijuwa ce, Dada Habiba, 'yar Hausawan garin, mijinta ya rasu yana aiki a injin gurzar auduga.

Aka gama jawabai, Madam ta cire mayafi ta karɓi makirfo. Sabuwar waƙa ce a kan darajar mace, baiti goma sha ɗaya, mun san adadin don mun sha jin gwajinta ta bango. Tana cikin baiti na uku sai Dada Habiba ta miƙe ta rangaɗa guɗa, ta ɗora gammo, ta cicciɓi kan keke ta aza a ka, ta shiga fili tana rawa. Sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Matan da suka saba da dakon itace da buhun auduga, kan keke ba komai ba ne a wurinsu. Fili ya ɗauki tafi. Sufurefe ya miƙe tsaye, mai kyamara ya bar Madam ya bi su. Ita kuwa Madam, da ta ga waƙarta ta tayar da mutane haka, sai ta lumshe ido ta ƙara murya.

Suka zaga fili sau ɗaya, suka zaga sau biyu. A na uku ba su juyo ba. Suka bi ta bayan tarin auduga, makaɗa na biye da su, suka shige lungu. Alhaji Sali ya damƙe hannuna har sai da na ji zafi, amma ba halin ya yi magana a gaban sufurefe da kyamara. Madam kuma tana da sauran baiti shida, ta rera su duka a gaban teburan da ba kawuna.

Da aka watse Alhaji Sali ya ja ni gefe ya ce an riga an sa ranar taro na gaba a Lagdo, kuma sa hannuna ne a bon, in je in karɓo.

Ban sha wahalar samun gidan shugabar matan ba, duk garin ya sani. Na tarar da Dada Habiba a gindin darbejiya tana fifita da gefen zane. Ta sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo ruwa, muka gaisa har da tambayar iyali. Kan keke kuwa ko alamarsa babu. Na fara karatuna na makaniki da mai, ta bar ni har na kai ƙarshe.

"To kai ne mai man," in ji ta. "An kwatanta mini kai, mai farar hula da littafi a hammata. Ƙanwata tana Mayo-Oulo. Ta sayar da akuyarta ta biya tela ya koya mata, ta sayi zare da almakashi. Har yau tana jiran ku gama sa mai."

Ta ce su suna da mai a Pitowa, za su sa da kansu, kada banki ya wahala. Sai na bar ƙarya na koma roƙo.

"Dada, ki dubi Allah. Sunana ne a takardar. In ban mayar ba aikina zai iya tafiya, ga yara bakwai a gida."

"Nawa shida ne," ta ce. "Naka ubansu yana da rai, ga shi zaune yana shan ruwana."

Daga nan ta ba ni saƙo. Ta ce ƙafafun da muka riƙe a kawo su kafin kasuwar Lahadi ta sama. In ba su zo ba, za su shiga motar Garwa su goma sha biyu da kawunan a ka, su yi irin wannan rawa a ƙofar banki, su tambayi Madam inda ƙafafun kyautarta suka maƙale. Ta raka ni har bakin ƙofa ta ce in gai da gida.

Ranar Litinin Madam ta zo da kwat. Kafin nan an nuna rawar a talabijin, an yi ta bugo waya daga Yawunde ana taya Onorabul murna, wai ba a taɓa ganin mata sun yi farin ciki da kyauta haka ba. Na shiga na ajiye mata bon uku a kan tebur, na faɗi saƙon Dada Habiba, na kuma faɗi maganar matar Mayo-Oulo da akuyarta. Ta daɗe tana kallon takardun.

"Musye Garba, wa ya ce a rubuta rawaya?"

Na nuna mata sa hannunta a sama, sau uku. Matar da ke gano kuskure a shafi na sha bakwai tana tsaye ta ce mini takardu suna mata yawa, ba ta duba launi. Sai ta juya wajen taga, har na ɗauka kunya ce ta kama ta. Da ta juyo, tambayata ta yi ko na san mai kyamarar ya ɗauki waƙar duka ko rawar kawai ya ɗauka.

A ƙarshe ta ba da umarni a kai ƙafafun Pitowa ranar Alhamis, a tafi da mai hoto, a rubuta cewa kashi na biyu ne na tallafin. Na ce to a ba ni farin bon in rufe littafina. Ta ce farin bon ba ya goge rawaya, takarda ta nuna kaya sun fita ba su dawo ranar da aka rubuta ba, kuma masu bincike daga Duwala suna tafe, dole wani ya amsa. Da rana aka kawo mini takardar neman bayani, wadda ake ba ma'aikaci kwana biyu ya kare kansa. Na rubuta abin da ya faru, aka dawo mini da ita aka ce ta yi tsawo. Hukunci ya fito: dakatarwa ta kwana takwas ba albashi, saboda sakaci da kayan da aka ba ni amana. Ita ta rubuta da kanta, Faransanci mai kyau, ba kuskure ko ɗaya.

Kafin dakatarwar ta fara na kai ƙafafun. Ni na haɗa kekunan goma sha biyu gida gida, na sa igiya, na ɗaure kusoshi tam. Daga baya na ji uku sun sayar da nasu da damina ta yi tsanani, sauran suka ci gaba. Dada Habiba ta yi shekaru tana ɗinka rigunan 'yan makaranta a bakin kasuwa. Taron Lagdo kuwa bokiti da sabulu aka raba, kuma Alhaji Sali ya ba da sanarwa tun farko cewa kowa ya zauna, ba a yarda da rawa ba. Onorabul bai sami minista ba, amma Madam ta sami lambar yabo a ƙarshen shekara. Matan Dougoï da na Mayo-Oulo ba wanda ya sake ambatarsu. Ni dai har na yi ritaya, in aka ce akwai aike Mayo-Oulo sai in nemi wanda zai je.

Abin da nake so ku ɗauka, ku masu riƙe da makulli yanzu, shi ne ku karanta takarda kafin ku sa hannu a ƙasanta, don na sama yana da inda zai fake, ku ba ku da shi. Kada kuma ku ɗauka fayil mai tsabta yana nufin mutum mai tsabta. Sau biyu na tsaya gaban matan da ba su da kowa na yi musu ƙarya, na kwashe abin da aka ba su, kuma duka biyun littafina ya rufu daidai, shef ɗinmu, wato shugaban sashe, ya rubuta mini "aiki mai kyau". A shekara talatin da ɗaya hukunci ɗaya ne tak a fayil ɗina, kuma na ranar da kyauta ta isa hannun masu ita ne.