Ranar da Tsintsiya Ta Share Abin da Ba Shara Ba

'Yata ta biyu tun tana rarrafe take kwashe duk abin da ta gani a ƙasa ta kai kwandon shara. Cokali, takalmin yayarta, makullin babur ɗin babanta. Baban ne ya sa mata suna Tsintsiya, sunan ya bi ta har gidan miji. Marigayi mijin nawa yakan ce ba a ƙasa ta tsinci halin ba, kuma gaskiyarsa. Ni na yi aikin buga takardu a ofis har na yi ritaya, ba a taɓa tashi aiki an bar ko guntuwar takarda a teburina ba. A gida dokata ɗaya ce: abin da ba a amfani da shi, a fitar da shi. Ina taƙama da tsabtar ɗakina a gaban kowa, har da waɗanda ba su tambaya ba.

Na so ta zama nas, ta ce ita kwamfuta za ta karanta. Na ce to, ai ba ni zan ci wahalar ba. Ta gama, ta yi aure, ta haifi biyu. Mijinta mutumin kirki ne, amma a bayan mota yake ɓoye tsofaffin takalmansa, don ya san in suka kwana a gida sun tafi. Ta sami aiki a wani ƙaramin asibitin ido, ita ke kula da kwamfutocinsu. Ofishinta wani lungu ne bayan ɗakin magani, ba taga, sanyin na'ura kamar a firji, wayoyi a ɗaure ɗaya bayan ɗaya kamar kitso.

A lungun akwai wata babbar na'ura da suke kira sabar. Yadda ta bayyana min, kuma yadda na iya ɗauka, sabar gida ne guda mai 'yan haya. A cikinta akwai kwamfutoci da ba su da jiki, ba ka ganinsu, ba ka taɓa su. Ɗaya na riƙe da sakamakon gwaje-gwaje, ɗaya na masu karɓar marasa lafiya, ɗaya na ɗakin magani. Sai wata manhaja da ke kula da su, ita ke buɗe su, ita ke rufe su, kamar mai kula da gidan haya. Na ce mata a zamaninmu in ka ga abu ba shi da jiki yana aiki, gudu kake yi. Ba ta yi dariya ba. Ba ta cika dariya ba, wannan ma daga wurina ne.

To, yanar ido ta rufe min na dama, ta fara lasar na hagu. Likitan da ke yin aikin daga nesa yake zuwa, ba kullum ba, wanda ya rasa zuwansa sai ya sake jiran watanni. Sharaɗinsa kuma ba ya canzawa: ba ya taɓa idon mutum sai ya ga sakamakon jininsa na safiyar ranar a kwamfutarsa, musamman irina masu ciwon sukari. Ranar aikina na zo asibitin nasu da sassafe ban ci komai ba, aka ɗebi jini. Suna cire allura na koma benci na buɗe jakata, na sha shayina da sukari yadda raina yake so, na ce ai an riga an ɗiba.

Ana cikin jira sai komai ya tsaya. Yarinyar da ke karɓar mutane tana ta danne-danne, mai ba da magani ya fito yana riƙe ƙugu. Na bi bango da hannu har lungun Tsintsiya. Na tarar da manaja a bakin ƙofa yana gumi duk da sanyin.

"Mama, don Allah ki koma ki zauna," in ji ta, ba ta ko juyo ba.

"Me kika zubar?"

Ta ƙara sunkuyar da kai kan allo. Uwa ta san wannan sunkuyon.

Ashe asibitin ya sayi sabuwar manhajar kula da sabar. Kamfanin da ya saka ta ya ce a bar tsohuwar tukuna, za su zo ƙarshen mako su cire ta a tsanake. Amma Tsintsiya kullum ta buɗe allo sai ta ga tsohuwar zaune ba aikin komai. Ta daure, ta daure, safiyar nan ta kasa. Ta cire ta tsakanin kurɓa biyu na shayi. Na'ura ta nemi a kashe a kunna, ta kashe ta kunna. Sabar ta tashi lafiya lau, 'yan hayan ciki kuwa ko ɗaya bai motsa ba. Duk wanda ta taɓa sai ya fara tashi ya faɗi, ya rubuto cewa bai ga hanyar fita ba.

Manaja ya ce, "Ba kin ce muna da ajiyar kwafin komai ba? Ki goge komai ki dawo da shi daga ajiyar mana."

Ni da ba a tambaye ni ba na ce, "Ka ji magana. Abin da ya lalace a share shi, a kafa sabo. Haka na koya miki."

Sai a lokacin ta juyo ta dube ni. "Mama, ajiyar ta jiya da yamma ce. In na goge, duk gwajin da aka yi yau ya tafi. Na'urar gwaji nan take turowa kai tsaye, jinin kuma an zubar."

"Har da nawa?"

"Har da naki. Sai dai a sake ɗiba yanzu."

Na tuna shayina. In aka sake ɗiba, sukarin da za a gani a jinina sai ya ishi a yi wa mutum biyu. Likita zai mayar da ni gida da idona a rufe.

Na ce, "Kada ki taɓa komai. Wa ya ce a goge? Mutane ba su da haƙuri."

Manaja ya share gumi. Na nemi kujera na zauna, na ja mayafi na lulluɓa, na zama mai gadin sabar.

Ta buɗe wani dogon rubutu da na'ura ke yi wa kanta, labarin duk abin da ya same ta, tana bi layi-layi da yatsa. Ni ba na ganin komai sai hasken allo, amma ina ba da shawara. Na ce ta hura wayar, na ce ta ɗan buge ta a gefe, haka muke wa keken buga takardu. Ta ce in na ƙara magana za ta kira nas ta fitar da ni. Can ta ce, "Kai!" Tsohuwar manhajar ba ita kaɗai ta tafi ba. Ta kwashe wata 'yar manhaja da ke haɗa kwamfutocin ciki da wayar asibiti, ita kuma sabuwar ashe a kanta take tsaye ba wanda ya lura. Wato mai kula da gida ya tashi, ya tafi da ƙofar.

Ta kira kamfanin, suka ce injiniyansu yana hanya, wanda kowa ya san ma'anarsa. Nas ta leƙo ta ce likita ya gama da waɗanda ya ga sakamakonsu kafin komai ya tsaya, yana tambayar saura, kuma da la'asar zai kama hanya.

Abin da ya rage shi ne abin da Tsintsiya ta fi ƙi a duniya: ta dawo da abin da ta zubar. Ta nemo tsohuwar manhajar, daidai irin wadda ta cire, ta sake saka ta. Fuskarta kamar an ce ta shiga kwandon shara da hannu biyu. Ta kashe ta kunna. Hanyar ta dawo, amma babu suna, kwamfutocin kuma da tsohon sunan suka san ta. Ta leƙa cikin ɗaya ta ga sunan da yake nema, ta rubuta shi harafi-harafi. Ta taɓa na gwaje-gwaje. Ya tashi, ya tsaya da ƙafarsa. Daga can waje na ji yarinyar karɓar mutane ta yi ihu.

"Duba nawa," na ce.

"Mama, akwai layi."

"Ni na haife ki."

Sukarina ya fito daidai, na kafin shayi. Ni ce ta ƙarshe da likita ya yi wa aiki, jakarsa ma tana bakin ƙofa.

Tsohuwar manhajar tana nan a sabar har yau. Kamfanin ya ce yanzu ana iya cire ta, Tsintsiya ta ce su zo su cire da hannunsu. Ta ce min kullum da safe sai sun kalli juna.

Da aka cire min bandeji, ita ta mayar da ni gida. Na shiga ɗakina, ɗakin da na yi shekara da shekaru ina gaya wa mutane su zo su koyi tsabta. Saƙar gizo a kowace kusurwa. Ƙura a kan kabad da za ka iya rubuta sunanka. Ƙarƙashin gado har da busasshen ɓawon lemo.

"Tun yaushe?" na tambaye ta.

"An daɗe."

"Ba ki faɗa ba?"

"Na taɓa ɗaukar tsintsiya, kika ce in ajiye, ɗakinki ba ya bukatar kowa."

Na miƙa hannu ta ba ni tsintsiyar. Ta ce likita ya hana ni sunkuyawa. Na zauna a bakin gado da idona sabo fil ina kallon ƙazantata, ita tana shara, ina nuna mata inda ta tsallake.