Hoton da na ɓoye ƙarƙashin rumbu

Lokacin ina goyon fari a gidan su maigidana wajen Tsamaye, matsoraciya ce ni. Ko babur ya wuce bayan gida sai na ƙanƙame ɗana. A ɗakin kakar maigidana, wadda muke kira Inna, akwai hoton mijinta cikin kakin soja, a rataye cikin gilashi. Runduna ya jagoranta a yaƙin basasa, can aka kashe shi, ko gawa ba a kawo ba. Idanun Inna sun mutu, amma kowace Juma'a sai ta lalubo hoton ta goge da bakin zane.

Da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukanmu, na ji mata a bakin rijiya suna cewa gidan da aka ga alamar soja ba a barin namiji. Ban shawarci kowa ba. Na zare takardar hoton, na naɗe a tsumma, na tura ƙarƙashin rumbu, na mayar da gilashin wayam. Duk damina ina kallon tsohuwar nan tana goge babu. Da kaka na je ɗaukowa, na iske gara ta cinye shi, takalmansa kawai suka rage a jikin takardar.

Kwana uku ban iya cin tuwo ba, sannan na durƙusa na faɗa mata. Sai ta kira ni ɓarauniyar miji. Ta ce tun Juma'ar farko ta ji gilashin na motsi, jira take ta ga ranar da za ni yi magana. Ta ce ita ba ta buƙatar takarda, don jikoki ta ajiye, kuma tunda na ba gara, ni za ni ɗauki labarinsa in kai musu. Nan ta fara: yadda ya bar kiwon awaki ya shiga soja, yadda yake da wushirya, yana umartar ɗaruruwan maza amma yana gudun kunama, da yadda ya tsaya a bakin wani kogi har yaransa suka haye, shi bai haye ba.

Yau ɗana ya san kakan nan na ubansa fiye da masu ganin hoton, muna zaune lafiya, alhamdu lillahi. 'Yan uwana mata, kada tsoro ya sa ku taɓa ajiyar tsoho ba ku tambaye shi ba. Ku kuma zauna ku ji bakinsa tun yana nan. Inna har yanzu tana goge gilashin, ni nake miƙo mata shi.