Jaki Mai Yagaggen Kunne da Kuɗin Hanya

Ana sallame sallar asuba muka bar Sakkwato ta Ƙofar Kware, ranar Litinin ɗin da ta wuce, mu huɗu a cikin ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya da ake kira kitika. Bature injiniyan hanya yana gaba tare da direba. Ni da malamin kuɗi muna baya a kan gwangwanayen fetur, ga tulun ruwa a tsakaninmu yana yi mana wanka duk sanda aka faɗa rami.

Bari in faɗi abin da ya fitar da mu, don mutanen kasuwa sun dame ni da tambaya. Gwamnatin Jiha a Kaduna ta ware wa lardinmu kuɗin hanyar burji guda ɗaya a bana, wadda mota za ta bi rani da damina. Sharaɗin shi ne a shimfiɗa ta inda akwai kayan kwasa, su iso Sakkwato, a wuce da su Gusau su hau jirgin ƙasa. In ba a tsayar da wuri ba kafin shekarar gwamnati ta ƙare, kuɗin su koma inda suka fito. Garuruwa uku suka nema, aka ce kwamiti ya je ya gani da idonsa. Ni fataucin fatun jar akuya nake yi, kuma yawan surutu ne ya jefa ni cikin kwamitin. Na tashi a taron 'yan kasuwa na ce masu zana hanya ba su taɓa ɗora wa jaki kaya ba, ga shi ana ta zancen mulkin kai. Sai aka ce to, tunda ka iya, zo ka wakilce mu.

Akwai abin da ban faɗa wa kwamiti ba: ɗaya daga cikin garuruwan ukun garin surukaina ne.

Har Kware hanya ba laifi. Kogin Rima ya ja baya saboda bazara, masu lambu sun bi shi da shuka har bakin ruwa. Muka tsaya muka sha fura da nono ta kwabo-kwabo, mai kauri, wadda ludayi yake tsayawa a ciki. A nan na fara sanin halin malamin kuɗi. Mutum ne siriri mai tabarau, yana rungume da fayil kamar jariri, kuma amsarsa ga kowace magana ɗaya ce: babu shi a kasafi. Direba ya ce a sayi igiya ko da mota za ta kafe, babu shi a kasafi. Na roƙe shi ɓarin goro don in gwada shi, ya ɗan yi jim kafin ya ba ni.

Daga Kware muka saki babbar hanya muka shiga turbar shanu. Da hantsi muka isa gari na farko, garin wani hakimi da ba zan ambaci sunansa ba, don ina sayen fata a ƙasarsa. Tun kafin mu shiga, a mararraba, muka ga wata sabuwar mota baƙa a ƙarƙashin rumfar zana, an lulluɓe ta da gwado. Direba ya ce ta hakimin ce. Nan ce iyakar inda take iya zuwa, shi ya sa duk Juma'a yake tahowa ya duba lafiyarta, a tayar masa da ita ya ji ƙara, ya koma gida.

Dabarar Bature mai sauƙi ce. Zai zauna a gindin itace a bakin hanya, duk kayan da ya wuce ya ja layi ɗaya a takarda. Garin da ya fi layi, shi ya fi bukatar hanya. Aka shimfiɗa mana tabarmi a inuwar wata tsamiya, aka kawo soyayyun zabi. Ba mu gama wanke hannu ba jakai suka fara wucewa. Gero, dawa, itace, tukwane, auduga, kai har da mai ɗauke da turmi. Bature yana ta jan layi yana gyaɗa kai, takarda ta cika ya juya bayanta.

Ni kuwa sana'ata kallon fatar dabba ce. Akwai wani jaki fari-fari mai yagaggen kunnen hagu da ya wuce da mangalar gero. Jim kaɗan sai ga shi da itace. Na ce ko ɗan'uwansa ne. Da ya dawo na uku da tukwane, mai korarsa ya sauya hula amma bai sauya riga ba, sai na ce zan zaga in kama ruwa. A bayan katangar gari na tarar da kasuwar gaskiya: ana sauke wa jakai wannan kaya ana ɗora musu wancan, wani dogari yana tsaye yana sakin su bi da bi. Mai jakin ya gan ni, ya share gumi ya ce, “Malam, ka yi muna rai ka ce ma Nasara shi tashi. Tun hantsi muka zagaye, ko hura ba mu sha ba.”

Na dawo na zauna. Da jakin ya sake ɓullowa, wannan karon da wani ƙaton mutum a kansa, na ce, “Ranka ya daɗe, wannan ya gaishe ka sau huɗu, ya kamata ka amsa.”

Bature ya dubi jakin, ya dubi takardarsa, wuyansa ya yi ja wur. Malamin kuɗi ya sa fayil ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Hakimi kuwa ko gezau. Ya gyara rawani ya ce in aka yi hanyar, jakan za su yi yawa da gaske, shi dai ya nuna mana yadda abin zai kasance ne. Na rantse maganarsa ta ɗan shige ni. Amma da muka zaga gari da yamma, rumbunan ba su fi na cin gida ba. Muka kwana, da safe aka sallame mu da sauran zabin.

Gari na biyu sunansa Marken Jatau, a gefen fadama. Tafiyar da bai kamata ta wuce sa'a biyu ba ta cinye mana har azahar, saboda rairayi. Sau huɗu mota tana kafewa. Ni da Bature muna turi, direba yana zagin giyar mota, malamin kuɗi yana gefe yana riƙe da fayil kada ya yi datti. A kafewa ta uku direba ya leƙo ya ce masa, “Malam, turin ma babu shi a kasafi?” Sai ya ajiye fayil a kan kujera ya naɗe hannun riga.

Tun daga nesa hanci ya gaya mana mun iso. Albasa ce tuli-tuli a ƙasa, wata ta fara ruɓa, ana zubar wa awaki ba sa ko sansanawa. Kwandon da za ka ba da sule biyu a Sakkwato, a nan taro ne, kwabo uku kacal, kuma sai an roƙe ka. Shinkafar bara tana nan a rumbu, ga ta bana an ɗora a kai. Na ga fatun jar akuya masu kyau an shanya su a ƙasa sun ƙone, don babu mai saye da zai zo ya ce a rataye su a inuwa. Abin ya yi mini ciwo fiye da albasar. Da rani rairayi yake hana mota zuwa, da damina ruwa. Abin da mata suka iya ɗauka a ka, shi kaɗai yake fita.

Bature ya buɗe taswirar da aka aiko daga Kaduna, wadda aka ja wa jan layi miƙe sak daga babbar hanya zuwa kasuwar garin. Ya ce mu bi layin da ƙafa. Muka gangara cikin fadama, ƙasa ta bushe ta tsattsage. Can a tsakiya, daidai kan jan layin, sai ga kwalekwale a kife. Ya zagaya shi sau biyu ya ce, “Me jirgi yake yi a kan hanyata?”

Wata tsohuwa mai sayar da albasa da ta biyo mu ita ta amsa. Ta ce, “Ranka shi daɗe, wurin ga da kaka tsaye, da damana kihi aka kamawa.”

Bature ya iya Hausa, amma ta littafi, irin ta Kano. Ya juyo ya dube ni, na zama tafinta daga Hausa zuwa Hausa. Tsohuwar ta ja shi zuwa gindin wani marke ta nuna masa shatar ruwan bara a jikin itacen. Ya miƙa hannu sama, da ƙyar yatsunsa suka taɓa. Wanda ya ja layin nan da rani ya zo, in ma ya zo.

Ita ce ta nuna mana turbar da mata suke bi ta kan tudu, wadda ruwa ba ya hawa. Ta yi gwiwa sosai, ta fi jan layin tsawo. Bature ya bi ta da ƙafa cikin ranar nan, tsohuwa a gaba ba takalmi, mu a baya muna haki. Ya fitar da fensir ya zana sabon layi. Malamin kuɗi ya duba takardunsa ya daɗe, sannan ya ce da wannan gwiwar kuɗin ba za su kai kasuwa ba. Za su tsaya a gangaren tudu, sauran tafiya kamar daga Ƙofar Kware zuwa bakin Rima. Kwalbatin da zai ƙarasa sai in an sake ba da wani abu baɗi. Na bayyana wa tsohuwar ina jin nauyi.

Ta ce, “Ku kawo ta nan ɗin. Mu da muka kai kaya Kware bisa kai, wanga ɗan wuri za shi gagare mu?”

Malamin kuɗi bai ce babu a kasafi ba. Ya rubuta wani abu a fayil. Aka ba mu tuwon shinkafa da miyar busasshen kifi, albasa a ciki, albasa a gefe, aka kuma cika mana bayan mota da albasa, har muka rasa inda za mu sa ƙafa.

Ranar Laraba muka shiga garin surukaina. Surukina shi ne maigari. Tun daga ƙofar zaure na tuɓe takalmi na durƙusa, abokan tafiyata suna kallona, asirina ya tonu. Ya ce, “Mun ji Allah ya ɗaukaka ka. To, hanya dai ta zo gida.” Na ce Allah ya sa mu dace, kaina a ƙasa.

Aka shimfiɗa tabarmi a bakin hanya, surukina ya zauna kusa da ni, liman yana gefensa. Bature ya fitar da sabuwar takarda. Jakai suka fara wucewa, na ji sanyi a raina, don na ga kaya iri-iri. Na bakwai a layi, da mangalar gero, fari-fari, kunnen hagu a yage. Ashe labarin dabarar ya riga mu isowa, amma ba a haɗo da labarin yadda ta ƙare ba, har aka aika aka ɗauko jakan da suka riga suka ƙware.

Na ƙura wa tabarma ido kamar ni na saƙa ta. Na yi niyyar in yi shiru, Allah ya sani. Sai na ga Bature ya ajiye fensir, ya miƙe, ya cire malafarsa ya ce wa jakin, “Sannu da zuwa. Ina gajiya?” Mai jakin kuwa ya hango ni ya ce, “Malam, kai kuma? Don Allah wanga karo kar a kai azahar.”

Bature ya juyo ya ce, a matsayina na wakilin 'yan kasuwa, me na gani? Ga surukina, gwiwarsa tana taɓa tawa. Na ce, “Ranka ya daɗe, ya yi kama da wani jaki da na sani.”

Surukina bai yi mini magana ba, don ba ya cikin tsari. Sai ya juya wajen liman. Ya ce, “Liman, akwai mutanen da Allah ya ba ido bai ba su kara ba.” Liman ya ce Allah ya kyauta. Abincin rana ya zo, amma kazar da na ji ana fafara da safe ban gan ta a cikin miya ba.

A hanyar dawowa muka tsaya a inuwar wani gawo, aka rubuta rahoto a kan murfin mota. Bature ya ce Marken Jatau. Malamin kuɗi ya ce Marken Jatau, ta kan tudu, a kuma roƙi kuɗin kwalbati baɗi. Aka miƙo mini alƙalami. Na tuna fuskar surukina, na tuna fatun nan da suka ƙone a ƙasa, na sa hannu.

Da la'asar ranar Alhamis muka shigo Sakkwato, muna warin albasa har mutane suna ba mu hanya. Abin da na koyo a kwana huɗun nan shi ne kowa yana son hanya ta bi ta ƙofar gidansa, har da ni da na tashi a taro ina zagin masu zana ta. Kuɗin gwamnati kuwa ba sa isa kowa, kuma mai taswira, da mai fayil, da mai ɗaukar kaya a ka, in ba su tsaya wuri ɗaya sun dubi ƙasa tare ba, a cikin ruwa za a zuba su.

Saura gida. Na yi sallama da ƙaramar murya, na zauna, na kwashe labari duka na gaya wa maiɗakina, ina jiran hadari. Ta saurara tana tsince shinkafa. Da na gama ta ce, “Ka san inda Inna take kai gyaɗarta duk ranar kasuwa? Marken Jatau. Matan garinmu duk can suke zuwa, tun ina yarinya nake bin su da ƙwarya a ka. In mota ta iso can, tamu ce. Baba bai taɓa ɗaukar kaya ba, shi ya sa.”

Na yi ajiyar zuciya, na jawo akushi. Ta bari sai da na kai loma baki sannan ta ce, “Amma gaisuwar Salla bana kai kaɗai za ka.”