Takardar da Na Karanta Miki

Matata, Innar Auta, ta rasu. Ranar Talata ne, sha ɗaya ga wata, da hantsi. Ranar Alhamis kuma 'yarmu Auta ta haifi 'ya mace. Duk wanda ya shigo gidan nan sai ya rasa abin da zai fara ce mini, ta'aziyya ko barka. Allah ne ya ba mu ke, shi ne ya karɓe ki.

Shekara arba'in da ɗaya muna tare. Ke kika tura ni makarantar yamma da furfurata, don kin gaji da ganin ina kai wasiƙa maƙwabta su karanta mini. Da ragowar yadi kika ɗinka mini jakar littattafai. In na rufe shagon kafinta, kina miƙo mini ita kina cewa, "Maza, Ɗan makaranta, kada a yi maka bulala." Ke kuwa ba ki san harafi ba, amma lamba ba ta taɓa ɓace miki, saboda awon ɗinki.

Da ciwon sukari ya same ki, gwaji biyu ake yi. Akwai na gida, wanda kike huda yatsa kowace safiya, ki rubuta lambar a littafin awonki, tsakanin kafaɗar wance da tsawon hannun wane. Akwai kuma na asibiti, na wata uku-uku, mai zuwa a takarda. Ni nake karanta miki shi, da ƙarfi, ina jin kaina. Lambobinki suna hawa, takarda tana cewa lafiya lau.

Kin ce mini, "Malam, ƙishirwar nan ba ta barina, kuma zare ya daina shiga allura."

Na ce, "Tsufa ne. Ga shi an buga da na'ura, har da hatimi."

Kika ce, "To, Ɗan makaranta ya faɗa."

Ranar ganin likita kin ɗauko littafin, na ce ki ajiye. Kunya na ji a ga mun buɗe littafin tela a ofishin likita. Shekara huɗu muna haka.

Cikin Auta ne ya tona. A wajen awo aka ce jininta AS ne, wato tana ɗauke da ƙwayar sikila, kuma gadonsa ake yi. Aka gwada ni ba a samu ba, aka gwada ki aka samu. Likitar ta zaunar da mu ta ce gwajin wata uku yana auna sukarin da ya manne wa jan jini ne, kuma ga mai irin jininki wasu na'urorin sukan yi kuskure, su ƙara ko su rage. Ta tambaya ko muna gwadawa a gida. Kika fito da littafin daga jaka, ashe ba ki daina zuwa da shi ba. Likitar ta bi shi shafi bayan shafi, ta ga lambobinki ne suka faɗi gaskiya. A lokacin ƙoda ta riga ta taɓu.

A hanyar gida na kasa kallon ki. Kika ce, "Ai daidai ka karanta, Malam. Abin da aka rubuta ka faɗa." Daga ranar ba ki sake tayar da maganar ba. Ni ne na kasa ajiye ta.

Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki, ya haskaka kabarinki, ya sa jinyar nan ta zama kaffara. Ni ma ya yafe mini. Ina yi wa 'ya'yanmu da ƙannenki ta'aziyya. Kai kuma ƙaninta mai ciwon sukari, jininku ɗaya: ka je a duba irin jininka, ka gaya wa likita, ka tafi da lambobinka na gida ko a bayan kwali ka rubuta su.

Jaririya tana ɗakin kakarta, kusa da keken ɗinki. Tun da aka ɗora mini ita a cinya bakina ya ƙi rufuwa, ina dariya hawaye na zuba. Rigar da ke jikinta ita ce ɗinkin Innar Auta na ƙarshe. Wuyan ya karkace, don ido ya riga ya tafi, kuma na hana a gyara. Ku zo ku gan ta.